Ɗigon Jinin Inno

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina ɗiban jinin mutane a ɗakin gwaji na asibiti a Kazaure. Na ɗebi na manomin Gwiwa da ya taho a keke, na ɗebi na mai jego da aka goyo a babur daga Roni, na ɗebi na 'yan kasuwar Babura masu cewa in yi sauri mota za ta tashi. Amma jinin gwaggona, yayar mahaifina, wadda tsakanin ɗakinta da teburina tafiyar minti goma ce a adaidaita, wata huɗu na yi ina roƙon ɗigo ɗaya ban samu ba. Ɗigo ɗaya fa, wanda sauro ma ya fi shi ɗiba. Sunana Khairiyya, kuma in kun ji muryata da zafi ku yi haƙuri, har yau raina bai huce ba.

Inno muke ce mata, babba da yaro. Tun da mijinta ya rasu ta koma gidan ɗanta na fari, Yaya Sharfuddeen, babban ma'aikaci a sakatariya, mutumin da ko gaisuwa sai ya gyara zaman hularsa kafin ya amsa. Inno 'yar Gwiwa ce, irin matan da suka riƙe kunyar ɗan fari kamar farilla. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Ba ta cin abinci a gabansa, ba ta haɗa ido da shi, in ta kama dole ta ambace shi sai ta ce "mai gidan nan". Mu mun tashi muna yi mata tsiya a kan haka, ita kuma ta ce mu ne marasa ta-ido.

Ranar wata Asabar na je gaishe ta. Muna zaune a tabarma ta shanye kofin silba biyu na ruwa, kafin in gama ba ta labarin aikina ta tashi zagayawa sau uku. Zobenta na azurfa da ya shekara talatin bai fita daga yatsarta ba, na gan shi ɗaure da zare don kada ya zame. Da na zaga banɗakinta sai na tarar da kiyashi sun yi layi a bakin magudana, sun yi baƙi ƙirin. Na san abin da ke jawo kiyashi ga fitsari, zaƙi ne.

"Inno, tun yaushe kike wannan ƙishirwar?"

"Zafi ne, 'yar nan. Wa zafin bana ya bari?"

"To fitsarin fa?"

Ta ɗaga mafici ta buge ni a kafaɗa. "Ke dai aikin asibiti ya cinye miki kunya."

Ban bar gidan ba sai da na jira Yaya ya shigo. Na durƙusa na gaishe shi a falo, na ce ina zargin suga ke damun Inno, ya bari Litinin in zo in ɗauke ta a auna. Minti biyu ne, in ji ni, sai a haɗa da awon ƙoda da na yawan jini a ga inda aka tsaya.

Ya yi dariya irin ta wanda yaro ya ba shawara.

"Khairiyya, ku har yanzu kuna nan a zamanin soka wa mutane allura? Duniya ta wuce nan."

Ya miƙa hannu ƙarƙashin tebur ya jawo wani ɗan kwali fari mai zanen ganye. Wai wani kamfani ne a Legas, kuma shi suka naɗa wakilinsu na Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, har Babura. Mutum zai sa ɗan bayan gidansa a kwalba, a rufe a aika, su kuma su ƙirga ƙwayoyin halittar da ke zaune a hanjinsa, su faɗi abincin da ya dace da shi. Duk wata cuta daga hanji take, in ji Yaya. Suga, hawan jini, ciwon gaɓoɓi, har mantuwa.

Na ce, "Yaya, na san da wannan awon. Masu bincike suna yi, ban ce ƙarya ba ne. Amma ba ya faɗin sugan da ke jinin mutum. A yi shi in ana so, a bar ni in yi nawa."

"A'a. Satin da ya wuce na tsaya gaban mutane a ɗakin taro na ce gidana mun bar bin layin asibiti. Gobe kuma a ga mahaifiyata a benci tana jiran ki kira lamba? Me za a ce?"

"Sai in zo gida in yi mata."

"Na ce a'a. Ke ba likita ba ce, mai wanke kwalabe ce. Ki tsaya matsayinki."

Wallahi maganar ta soke ni, amma na haɗiye. Na ce a raina ba komai, sakamakon ya dawo ya ga babu abin da yake nema, sai ya sauko.

Bayan sati uku sakamako ya dawo, shafi goma sha shida, da launin kore da ja da ruwan ɗorawa, da zane-zane kamar littafin 'yan firamare. Yaya ya sa aka yi wa Inno kwalliya, aka zaunar da ita a kujerar falo, wurin da ba ta taɓa zama ba in yana nan. Ya tsaya a bayanta da takardun, matarsa Lubna ta riƙe waya tana ɗauka. Ni a guruf ɗin dangi na ga bidiyon. Yana cewa, "Ga mahaifiyata, shekara sittin da takwas, amma masana sun ce hanjinta kamar na 'yar shekara talatin. Gyara kaɗan ya rage." Inno ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Dangi suka yi ta turo masa addu'a, Allah ya yi albarka, Allah ya ba mu 'ya'ya masu kula irinka.

Gyaran shi ne wannan. Takardar ta jero abincin da ta ce yana ciyar da ƙwayoyin hanji, Yaya ya zaɓi waɗanda suka yi masa daɗin faɗi. Da safe kindirmo da zuma cokali uku. Da hantsi dabino bakwai da ayaba. Da rana fura, ita ma da zuma, a barbaɗa wani garin kamfanin a kai. Tuwon dawa da miyar kuka da ta saba ci ya ce a rage, wai babu su a takarda. Mai ciwon suga fa ake yi wa wannan ɗurar.

Na kira shi ya fi sau goma. In ya ɗauka ya ce yana mitin.

Cikin wata na biyu Inno ta taka ƙaya a bayan ɗakinta, ba ta ma ji ba sai da Lubna ta ga jini a silifas. Ɗan ciwo ne a ƙasan babbar yatsa, bai kai ƙwayar wake ba. Sati biyu bai rufe ba. Sati uku ya fara ruwa. Da na je na gani na zauna a ƙasa na ɗora ƙafar a cinyata, na danna gefen ciwon na ce, "Inno, da zafi?"

"Babu. Ai ya yi sauƙi, tun da ba na jin komai."

Rashin jin nan shi ya fi tayar mini da hankali. Na buɗe jakata na fito da 'yar na'urar awon suga da na taho da ita a ɓoye, da auduga da tsinken suka. Na ce ta ba ni yatsa.

Ta naɗe hannayenta cikin zani.

"Mai gidan nan ya hana."

"Inno, ke kika haife shi."

"Shi ya sa. Ina cin tuwonsa, ina kwana ƙarƙashin rufinsa, in bi ta bayansa in yi abin da ya hana? A ce ni na kunyata shi a gari?"

"To ki gaya masa da bakinki. Ki ce masa fitsari ya hana ki sakat, ki ce idonki ya fara hazo."

Ta dube ni kamar na ce ta fita tsakar gida ba zani. "In buɗe baki in yi wa ɗan fari zancen fitsari? Khairiyya, ki ji tsoron Allah."

Ina cikin lallashinta na ji an ɗaga labule. Yaya ne, ya dawo cin abincin rana. Ya dubi na'urar a hannuna, ya dube ni.

"Wa ya ba ki izini?"

"Yaya, dubi ƙafar nan don girman Allah."

"Na gani. Dattin jiki ne ke fita. Mutanen kamfani sun ce in gyara ya kama jiki dole a ga alama."

"Wane mutum ne a kamfanin ya ga ƙafar? Likita ne? Ka ba ni lambarsa."

"Ke, ni sa'anki ne?"

"Ba sa'ana ba ne, amma wannan ƙafar in aka ƙara wata guda ba za a same ta ba. Ka rubuta ka ajiye."

Ya fizge na'urar ya jefa tsakar gida, murfinta ya yi gefe, batir ya gangara ƙarƙashin randa. Ya ce baƙin ciki nake yi, na ga kasuwarsa ta buɗe mutane za su daina zuwa ina tsotse musu jini. Ya ce daga yau in na sake taka gidansa da kayan asibiti sai ya kai ƙarata wurin shugabanninmu. Duk wannan Inno tana zaune fuskarta a bango, don ba ta kallon inda yake. Na ga hawaye yana bin gefen hancinta, ba ta share ba, kada ya lura.

Na tsinci na'urata na fita. Washegari maigadi ya tare ni a ƙofa, yana ba ni haƙuri yana cewa umarni aka ba shi.

Na je wurin mahaifina. Baba ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Sharfuddeen ba yaro ba ne, ya yi karatu ya fi ki. Kuma ba a shiga tsakanin uwa da ɗanta. In na yi magana a ce ina so in nuna ya kasa riƙe ta." Na hau mota na tafi Babura wurin Musaddiƙ, ƙanen Yaya da ke koyarwa a can. Ya ba ni ruwa, ya ba ni abinci, ya ce, "Ni fa bidiyon na gani, kuma ta yi kyau a ciki. Yaya ne babba. In na ɗauko ta daga gidansa, zumunci ya lalace ke nan har 'ya'yanmu." Na ce masa ƙafar uwarsa ce ke lalacewa. Ya ce in sha Allahu zai kira shi. Bai kira ba.

Kowa yana da uzurinsa, kuma kowane uzuri da ladabi aka faɗe shi. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Babu wanda ya ce ba ya son Inno.

Labarinta ya koma sai ta waya, ta bakin Lubna, ita ma a ɓoye. Yau ta ce ciwon ya kai tsakiyar tafin ƙafa. Jibi ta ce yatsar ta yi baƙi. Bayan kwana biyar ta ce an fara kunna turaren wuta a ɗakin safe da yamma saboda wari, kuma Yaya ya hana masu zuwa gaisuwa shiga, wai Inno tana hutun magani. Ya sayo sabon zani mai tsada ya ce a riƙa rufe ƙafar da shi. Ya sake ɗaukar wani bidiyon, daga kafaɗa zuwa sama, yana cewa jama'a su ga yadda ta sauke teɓa. Inno da ba ta taɓa yin teɓa ba a rayuwarta!

Ranar wata Talata da hantsi ina tsaka da aiki, layi har ƙofa, na ɗaga kai na ga Lubna tsaye da hijabi a birkice. Yarinya ce mai sanyi, shekararta ashirin da bakwai, ba ta taɓa zuwa wurin aikina ba. Na ba abokin aikina wuri na ja ta bayan ɗaki.

"Anti, Inno ba ta gane mutane. Tun safe take kiran sunan mutanen Gwiwa da suka mutu."

"Ina Yaya?"

"Yana Dutse, taro. Na kira shi ya ce a ƙara mata garin."

Na juya zan ɗauko jakata ta riƙe mini hannu.

"Akwai abin da ban gaya miki ba. Kwalbar nan da aka aika Legas, ba na Inno ba ne a ciki."

Na tsaya.

"Da ya ba ni kwalbar ya ce in kai mata, ta ce ko za a yanka ta ba za ta sa bayan gidanta a abin da ɗanta na fari zai riƙe da hannunsa ba. Kwana uku ina roƙonta. Shi kuma kullum ya dawo sai ya hau ni da faɗa, wai ko wannan ɗan aikin na kasa, ga mota za ta tafi da na sauran mutane. Anti, tsoro ya kama ni. Na shiga banɗaki na sa nawa."

Hanjin 'yar shekara talatin. Ashe gaskiya masanan suka faɗa.

"Inno ta sani?"

"Ta san dai ba ta bayar ba. Ta yi shiru don kada ya sake ni."

Na tuna ta a kujerar falo, mayafi a rabin fuska, ana karanta mata sakamakon cikin wata a matsayin nata, tana ji ba ta da bakin musu. Na ce, "Lubna, me ya hana ki gaya masa da kika ga ƙafar ta fara?"

Ta fashe da kuka. "Na gaya masa. Yau kwana ashirin da uku. Na durƙusa na gaya masa komai."

"Ya ce me?"

"Cewa ya yi mutum nawa suka ga bidiyon? Ya ce in maganar ta fita bakina a bakin aurena. Wai zai sake aikawa da na gaskiya in abubuwa sun lafa."

Kwana ashirin da uku. Da a ranar ya kira ni, wataƙila da yatsa ɗaya za a cire. Ya san takardar ba ta uwarsa ba ce, ya ci gaba da ɗura mata zuma da safe saboda kada mutanen ɗakin taro su yi masa dariya. Ban san lokacin da na ce "Allah ya isa" da ƙarfi ba, har masu layi suka waiwayo.

Muka tari adaidaita. Maigadi ya taso zai yi magana, na ce masa in ya tare ni yau, gobe shi zai yi wa hukuma bayanin gawa. Ya koma ya zauna. Da na ɗaga labulen ɗakin, turaren bai iya ɓoye komai ba. Na yaye zanin mai tsada. Ba zan faɗa muku abin da na gani ba, na dai san a take cewa ƙafar ta tafi. Ni da Lubna da mai adaidaita muka ɗauko ta, ba ta fi nauyin yarinya ba.

A cikin adaidaitar, kan cinyata, na kama yatsarta na soka. Ba ta iya naɗe hannu ba wannan karon. Ɗigon ya fito, na ɗora a na'ura, ta ƙirga daƙiƙa biyar. Na mai lafiya yana tsakanin huɗu da bakwai. Nata ashirin da tara.

Daƙiƙa biyar. Abin da na yi wata huɗu ina roƙo ke nan.

Likitanmu ya sa mata ruwa da allurar suga, ni da hannuna na yi sauran awon. Jininta ya yi ƙasa, ƙwayar cuta ta shiga cikinsa, ƙodarta ta fara gajiya. Ya dubi ƙafar ya dube ni ya ce, "Khairiyya, 'yar'uwarki ce wannan? Kina nan kika bari ta kai haka?" Kafin la'asar ya rubuta mana takardar tafiya babban asibiti a Kano.

Kwana biyu aka yi ana daidaita ta. Da ta farfaɗo likitan tiyata ya yi mata bayani a hankali, cewa in ba a cire daga ƙasan gwiwa ba cutar za ta tafi da ita gaba ɗaya. Ta tambaya ko za ta iya salla a zaune. Aka ce za ta iya. Ta miƙa babbar yatsa aka dangwala mata a takarda. A daren nan Lubna ta durƙusa gefen gadonta ta gaya mata komai.

Ranar da aka yi aikin, da azahar, dangi suka cika barandar ɗakin mata. Baba ya zo, Musaddiƙ ya zo daga Babura da jajayen idanu, matan Gwiwa sun zo da kwanukan abinci. Yaya Sharfuddeen ya iso da farar shadda da guga, yana amsa jaje kamar shi aka yanka. Ina tsaye ina jinsa.

"Ƙaddara ce. Babu abin da ba mu yi ba, har Legas muka aika. Ciwon ne ya zo da ƙarfi."

Wata tsohuwa ta ce, "Ai kowa ya shaida, Alhaji. Mun gani a waya."

Ya ƙara da cewa, "Kuma da ba a yi gaggawar fito da ita ana jijjiga ta a adaidaita ba, da wataƙila maganin ya gama aikinsa."

Na yunƙura. Baba ya riƙe mini gefen mayafi ya ce a hankali, "Ba a nan ba." Kullum ba a nan ba. Lubna tana can ƙarshen baranda ta haɗa kai da gwiwa.

Can nas ta leƙo ta ce mara lafiya ta farka, 'ya'yanta su shigo, amma kada a yi yawa. Muka shiga, ni da Baba da Musaddiƙ da Yaya, matan kuma suka cunkushe a bakin ƙofa. Inno tana kwance, bargo ya bi ƙafar dama har ƙasa, a ta hagu kuwa ya tsaya a gwiwa ya kwanta. Wani ma'aikaci ya shigo a bayanmu ya ce a al'ada ana ba dangi abin da aka cire su je su binne, an naɗe shi yana nan a shirye, wa zai karɓa?

Yaya ya ce, "Musaddiƙ, je ka. Ko a ba direbana."

"Sharfuddeen."

Muka waiwaya muna neman wanda ya yi magana. Muryar ba ta da ƙarfi, amma ta fito sarai. Wata cikin matan bakin ƙofa ta ce innalillahi a hankali. Shekara arba'in da bakwai sunan nan bai taɓa fita daga bakin Inno ba. Kuma tana kallonsa, ido cikin ido.

"Na'am, Inno." Har hularsa ta karkace.

"Matso."

Ya matso ya durƙusa a gefen gadon.

"Ka ce a ba ka abu daga jikina ka riƙe da hannunka, na ji kunyarka na hana. Yarinyar nan ta ba ka nata, kuma ta gaya maka, ka sani. Ka ci gaba da ba ni zuma."

Baba ya ɗago kai da sauri. Musaddiƙ ya dubi yayansa. Yaya ya buɗe baki, "Inno, ba a nan ya kamata..."

"A nan. Kunyar ta ƙare, ta bi ƙafar." Ta numfasa, ta lashi leɓenta da ya bushe. "Ba Musaddiƙ ba, ba direba ba. Kai za ka karɓa. Ka ɗauke ta da hannunka biyu, ka kai ta Gwiwa, ka haƙa da kanka ka binne kusa da mahaifinka. In mutane sun tambaye ka me ka ɗauko, ka gaya musu. Wannan kam tawa ce, ba ta kowa ba."

Ta juyar da fuskarta bango, ta ce da ni, "Khairiyya, in an sallame ni gidanki za ni. Ki tafi da Lubna yau, kada a taɓa ta."

Ma'aikacin ya fita ya dawo da abin a naɗe cikin leda da farin ƙyalle, ya miƙa. Yaya ya duba hagu ya duba dama, ko wani zai taimake shi. Baba ya sunkuyar da kai. Musaddiƙ ya sa hannayensa a baya. Dole ya miƙa hannu ya karɓa, ya rungume a ƙirjin farar shaddarsa, matan suka buɗe masa hanya. Ya bi doguwar barandar nan shi kaɗai, kuma ban ga ya ciro waya ba.

Inno tana gidana yanzu. Kullum da safe kafin in fita aiki ta miƙo mini yatsa ba sai na roƙa ba, wani lokaci har da tsiya, wai na mai da ita gwangwanin madara, kullum sai an huda. Lubna tana gidan iyayenta a Roni. Ana ta zuwa biko, ta ce tukuna. Dangin da suka yi ta turo addu'a a guruf sun koma cewa ai su da ma sun yi zargi. Ba su yi ba. Sun ga tsohuwa tana ƙarewa a idonsu, suka zaɓi zaman lafiya da mai gida, ni ma kuma da na tsaya bakin ƙofa na juya don maigadi ya ba ni haƙuri, ban wanke kaina ba. Mun girmama hular Yaya, mun girmama kunyar Inno, muka bar ƙafarta ta ruɓe ƙarƙashin zani mai tsada.

Jiya ina shara na tarar da silifas ɗinta a bakin ɗaki, ƙafa biyu a jere, yadda ta sa a ajiye mata. Na ce in ɗauke na hagun in adana. Ta ce in bar shi a nan. Ranar Juma'a Sharfuddeen yake zuwa gaisuwa, tana so ya tsallake shi kafin ya shigo.